Wasiƙar da ta dawo: wa ya tsaya maka?

A wannan mako za mu taɓo wata matsala wadda ke jawo wa ƴan kasuwa da ma'aikatan biro asara ba su sani ba, wato wasiƙar imel da ake aikawa ta dawo, ko kuma, abin da ya fi muni, ta faɗa kwandon shara na mai karɓa ba wanda ya gan ta. Ɗan kasuwa ya aika wa abokan cinikinshi ɗari uku sabon farashin siminti, ya zauna jiran amsa, shiru. Ma'aikaci ya aika gayyatar taro, ranar taro kujeru wayam. Sai a ce ai rezo ne ba shi da kyau. Galibi rezo ba ruwanshi.

Wasiƙar da ta dawo tana zuwa da dalilinta a rubuce, sai dai da Ingilishi ne, shi ya sa mutane ke share ta ba su duba ba. Ku bar Ingilishin, ku nemi lambar. In ta fara da 4, matsalar ta ɗan lokaci ce, na'ura za ta sake gwadawa da kanta. In ta fara da 5, an ƙi ta ke nan, ba sake gwadawa. Lamba 550 5.1.1 tana nufin babu wannan adireshi: ko an yi kuskuren harafi, ko mai shi ya bar aikin; a cire shi daga jerin, don yawan buga ƙofar kango yana ɓata sunan mai aikawa. Lamba 552 5.2.2 akwati ne ya cika. Amma in kunka ga 550 5.7.26 daga Gmail, ko 550 5.7.515 daga Outlook, to magana ta girma: ba a yarda cewa ku ne kunka aiko ba.

Asalin abin shi ne, ƙa'idar aika imel da Jon Postel ya rubuta a Amurka a 1982 ba ta tambayar shaida. Kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama a gurbin mai aikawa, kamar yadda ake yi a bayan ambulan. Da ɓarayi da masu tallar banza sunka gane haka, sai manyan gidajen imel sunka koma ga abin da kakanninmu fatake sunka daɗe da sani: baƙo ba ya samun bashi a kasuwa sai fatoma ya tsaya mishi. Masu tsaya wa wasiƙa uku ne, kuma dukansu ana rubuta su cikin kundin da ake kira DNS, wanda ke riƙe da bayanin sunan gidanku, wato abin da ke biye da alamar @ a adireshi.

Na farko SPF: jerin na'urorin da kunka ba izinin aika wasiƙa da sunanku. A nan ake yawan tuntuɓe. Kamfani ya ɗauki Brevo ko Mailchimp don aika talla, ya manta bai shigar da bayanan da sunka ba shi cikin kundi ba. Ko kuma a rubuta jerin SPF biyu, alhali ɗaya tak ƙa'ida ta yarda da shi, sai duka biyun su lalace. Haka nan jerin ba ya ɗaukar fiye da bincike 10 cikin kundi. Mai tara kamfanonin aika wasiƙa barkatai yakan wuce iyaka bai sani ba. Na biyu DKIM, hatimi ne da na'urarku ke bugawa kan kowace wasiƙa da mabuɗin asiri, mai karɓa kuma ya gwada shi da mabuɗin da kunka ajiye a fili. A ganina shi ne mafi ƙarfi, domin yana bin wasiƙa ko da an sake tura ta wani akwati, inda SPF yakan faɗi.

Na uku DMARC, wanda anka wallafa ƙa'idarshi a 2015. Shi yana duba ko sunan da mai karatu ke gani ya dace da sunan da SPF ko DKIM ya shaida, sannan ya faɗa wa mai karɓa abin da zai yi in bai dace ba: ya bari ta wuce, ya jefa ta kwando, ko ya mayar da ita. A fara da matakin bari, a karanta rahotannin da ke zuwa na ƴan makonni. Wanda ya yi gaggawar sa matakin mayarwa tun bai ƙidaya na'urorinshi ba, takardun kuɗinshi na gaskiya ne za su fara dawowa.

Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo sunka wajabta waɗannan uku ga masu aika wasiƙu da yawa. A wurin Gmail ma'aunin shi ne 5.000 a rana. Microsoft ta bi sahu a Mayun 2025. Kada mai ɗari uku ya ce ba da shi ake ba, domin Gmail na neman SPF ko DKIM ko da daga mai wasiƙa ɗaya. An kuma sa iyakar ƙara: in mutum 3 cikin 1.000 sunka danna cewa wasiƙarku shara ce, kun kai layin. Mai sayen jerin adireshin mutanen da ba su san shi ba ya yi lissafi da wannan. Kuma wanda ya nemi a cire shi daga wasiƙun talla, cikin kwana 2 ake cire shi.

Inda abin ya fi shafar mu shi ne nan. Da yawa daga cikin kantunanmu, har da wasu ofisoshi, suna aiki da adireshin yahoo.fr ko gmail.com. Aika wasiƙa ɗaya ɗaya daga cikin akwatin ba laifi. Amma in anka sa wannan adireshi a kan talla da wani kamfani ke rabawa, shaida ba za ta dace ba, kuma ba gyara, domin sunan gidan ba naku ba ne balle ku rubuta komi a kundinshi. Yahoo ta fara sa a mayar da irin waɗannan wasiƙu na yahoo.com tun 2014. Mafita ita ce a sayi sunan gida, na .ne ko .com, a riƙa biyan kuɗinshi kowace shekara. Kuma a tabbata an yi rajista da sunan kamfani. Sau da yawa yaron da ya gina shafin shi ke riƙe da mabuɗin kundi, ya tafi Kwatano ko Aljeriya, a rasa mai gyara harafi ɗaya.

Akwai kuma batun kuɗi. Gidan da ba shi da DMARC mai ƙarfi, ɓarawo na iya aika wa abokin cinikinshi wasiƙa da sunanshi, ya ce an canza lambar asusun banki. DMARC na toshe wannan ƙofa, amma ba ya hana a sayi suna mai kama da naku da bambancin harafi ɗaya. Saboda haka duk canjin asusu a tabbatar da shi ta talho, a lambar da anka sani tun da.

Gwaji kuwa ba shi da wuya. Ku aika wa wani akwatin Gmail wasiƙa ta hanyar da kuke aika talla, ku buɗe ta a kwamfuta, ku danna ɗigo uku na gefe, ku zaɓi « Afficher l'original ». A sama za ku ga SPF da DKIM da DMARC, kowane da PASS ko FAIL a gabanshi. Wanda ya nuna FAIL, ko bai fito ba sam, shi za ku kai wa mai kula da kundinku, tare da lambar da ke cikin wasiƙar da ta dawo.