Soke bashi daban, gyaran hali daban

Duk wanda ya bi hanyar Ƙonni zuwa Madawa ya san asibitin Galmi, wanda ƴan mishan na SIM suka buɗe a 1950. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, masu ginin nan suna cikin Kiristocin da suka yi imani cewa aikin kirki, komai yawansa, ba ya sayen gafarar Allah. To, in haka ne, ina dalilin barin gida a zo jinyar marasa lafiya cikin zafin Adar? Amsar tana cikin kalmomi biyu da malaman Kirista suka daɗe suna muhawara a kansu: barata da tsarkakewa.

Barata kalmar shari'a ce. Ɗan kasuwa zai gane ta da sauri. A ce bashi ya yi wa mutum katutu, har an kai shi gaban alƙali, ba shi da ko dala. Sai wani ya taso ya biya dukan kuɗin, alƙali ya sa a soke sunansa daga littafin bashi. A koyarwar ƴan Furotesta, zunubi shi ne bashin, Yesu Almasihu ne ya biya da mutuwarsa, mutum kuwa ba ya kawo komai sai bangaskiya. Hukuncin sau ɗaya ake yanke shi, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Hujjarsu mafi girma tana cikin wasiƙun Bulus zuwa ga Romawa da Galatiyawa.

Amma fa soke bashi bai raba mutum da halin da ya jefa shi cikin bashin ba. Yana iya fita daga gaban alƙali da almubazzarancinsa da tauye mudunsa. Nan ne tsarkakewa take shigowa. Ita ba hukunci ba ce, jinya ce: aikin da Kiristoci suke cewa Ruhu Mai Tsarki yana yi a zuciyar mutum sannu a hankali, shi kuma yana sa hannu da addu'a da kamewa da gyaran mu'amala. Hausawa sun ce hali zanen dutse. Koyarwar tsarkakewa ta yarda dutsen yana da tauri, sai dai ta ce ana iya sake sassaƙa shi, ko da aikin zai ci rayuwar mutum dungum.

Wannan bambanci yana cikin manyan abubuwan da suka raba Kiristocin Turai gida biyu. A 1517 wani malamin coci Bajamushe, Martin Luther, ya tashi yana sukar sayar da takardun sassaucin horon zunubi. Daga baya ya kafe a kan cewa bangaskiya kaɗai ke barata mutum, kuma mai bi yakan zama baratacce a gaban Allah alhali da sauran zunubi a jikinsa. Cocin Katolika ta mai da martani a babban taron Tarento, a 1547. Ta ce barata ba yafewa kaɗai ba ce, ta haɗa da sabunta mutum daga ciki. Tana ƙaruwa in ya yi aikin kirki da taimakon alherin Allah, tana kuma iya suɓuce masa in ya aikata babban zunubi. Ke nan abin da Luther ya raba biyu, Katolika sun riƙe shi dunƙule.

Kowane ɓangare da abin da yake tsoro. Katolika na gudun kada mutum ya ji an soke bashinsa ya miƙe ƙafa. Furotesta na gudun kada addini ya koma ciniki, mutum ya kwana yana lissafi bai san ko jarinsa ya kai ba. Jean Calvin, malamin Janeba, ya kawo misalin rana: haskenta daban, zafinta daban, amma ba ka samun ɗaya ba tare da ɗayan ba. A ƙarni na 18 kuma John Wesley na Ingila, uban ƴan Metodis, ya ƙara nauyi a kan tsarkakewa, har ya ce mai bi yana iya kaiwa ga cikar ƙauna tun a nan duniya.

Sai ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Ogsburg na Jamus, wakilan Katolika da na tarayyar mabiya Luther ta duniya suka sa hannu a takarda guda. Sun amince cewa alherin Allah ne ke karɓar mutum ba cancantarsa ba, kuma wannan alherin ne ke tura shi ga aikin kirki. Ƴan Metodis sun bi sahu a 2006. Saɓani bai ƙare duka ba, amma sun yarda tofin Allah-tsine na ƙarni na 16 bai hau kan abin da aka rubuta a takardar ba.

Mu koma Galmi. A wurin masu ginin, jinyar mara lafiya ba kuɗin sayen gafara ba ce, godiyar wanda aka riga aka yafe wa ce. Mai karatu, ko mene ne addininka, ka ga ma'aunin da koyarwar nan ta ɗora wa masu ita: wanda ya ce an soke bashinsa a sama, a duba mudunsa a kasuwa da alƙalaminsa a ofis. In shekaru sun wuce ba abin da ya sauya, malamansa da kansu za su tambaye shi ko ya taɓa tsayawa gaban alƙalin.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.