Kudu Ba Ƙabila Ba Ce

Ya ku ɗalibai, kudu sunan shiyya ne kawai. In ka fuskanci gabas, tana hannunka na dama. Ga mutumin Damagaram, Kano tana kudu. Ga Bakano, Kafanchan tana kudu. Amma ɗan Kafanchan in ya sauka Legas, ɗan arewa za a kira shi.

Tun 1914, da Gwamna Lugga ya haɗa Arewa da Kudu suka zama Nijeriya ɗaya, aka ɗora wa kalmar nan kaya. Yanzu in an ce "ɗan kudu", sau da yawa ana nufin bare, wanda ba namu ba. Har a ɗakunan kwananmu akan jefi yaro da ita, a ce wasa ne. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

A Matiyu 12:42 Ubangiji Yesu ya ambaci sarauniyar Kudu, wadda ta yi doguwar tafiya domin ta ji hikimar Sulemanu, ya kafa misali da ita. Yaron da ya baro iyayensa a Inugu ya zo karatu nan, shi ma hikima ya zo nema. Mu matsa masa wuri a benci.