Dillancin zamani: sana'ar haɗa mai kaya da mai saye

A wannan makon za mu duba wata sana'a da ba ta da shago, ba ta da injin, amma in babu ita kayan gona ruɓewa suke yi a bakin titi: sana'ar ƙulla hulɗar kasuwanci.

Mu fara daga gida. Duk ɗan Kura, Bunkure ko Garun Malam ya san ruwan kanal. Daga madatsar Tiga yake gangarowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma ba a buƙatar injin ya turo shi, gangaren ƙasa ke kawo shi har bakin gona. An tsara kashin farko na aikin zai shayar da kimanin hekta 22,000, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Shinkafa, alkama, masara, albasa, tumatur, ba abin da ƙasar nan ba ta bayarwa. To amma ku je Kwanar Gafan lokacin da tumatur ya yi yawa. Za ku ga kwanduna jere kamar ba za su ƙare ba, manomi na tsaye yana kallon kayansa suna laushi a rana, farashin da ya ƙi da safe shi zai roƙa da la'asar. A wannan ranar kuma a kasuwar Mile 12 ta Legas, tafiyar kusan kilomita dubu, akwai mai neman wannan tumatur ɗin da kuɗi a hannu. Tsakanin mutanen nan biyu akwai aiki, kuma wani ne zai yi shi ya ci abinci.

Za ku ce ai wannan dillanci ne. Haka ne, kuma ba abin kunya ba ne. Da shi aka san garin Kura tun kafin a haƙa kanal ko ɗaya. Rawanin da ake kira ɗan Kura, da turkuɗi mai sheƙi da marina suka rina masu bugu suka buga, har cikin Sahara ake kai su, Buzaye na naɗawa. Marinin Kura bai san Agadas ba, Buzun Agadas bai san marinin ba. Fatake da dillalai da masu masauki ne suka haɗa su: su ne suka ji yaren juna, suka san irin launin da ake so a can, suka tsaya wa baƙo shaida idan zai karɓi kaya bashi. Haka Alhassan Ɗantata ya taso a fataucin goro zuwa ƙasar Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kamfanonin Turawa suka fara neman gyaɗa, sun rasa yadda za su kai ga manoman ƙauye, shi kuwa yana da mutanensa a ko'ina. Jarinsa na farko sanin mutane ne da amanar da suka ba shi.

Abin da ya sauya yau shi ne mai sayen na iya kasancewa a Turkiyya, Japan ko Meziko, kuma ba zai taɓa ganin fuskarka ba kafin ya turo kuɗi. Riɗin da ake tarawa a kasuwar Dawanau da zoɓon da ake busarwa a ƙauyukanmu can suke zuwa. Shi ya sa a wasu jami'o'in Turai ake da digiri sukutum a kan sadarwar kasuwancin ƙasa da ƙasa. Ana koyar da harsuna, da rubuta wasiƙar ciniki, da yadda ake daidaita farashi da mutumin da al'adarsa ta bambanta da taka, da dokokin fitar da kaya. A nan gida darussan a warwatse suke cikin kwasa-kwasai: gudanar da kasuwanci, tallace-tallace, aikin jarida da sadarwa, tattalin arzikin noma, Faransanci, Larabci. Jami'ar Bayero tana da tsangayar sadarwa, tana kuma da makarantar koyon kasuwanci mai sunan Ɗangote. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, ga kwalejin aikin gona ta Audu Baƙo a Ɗambatta. Mai son gudanar da kasuwanci ya riƙe Turanci da lissafi da tattalin arziki tun daga yanzu, don kiredit biyar ɗin nan da ake nema, har da Turanci da lissafi, ba a yi wa kowa rangwame.

Me ya sa sai an yi karatu, alhali kakanninmu sun yi ba tare da digiri ba? Ga misali ɗaya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an riƙa samun maganin ƙwari mai suna dichlorvos a jikinsa fiye da ƙa'ida, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Mai ajiyar wake a rumbu yana zuba magani ne don kada ƙwari su cinye masa jari, bai san akwai wani ma'auni a Brasels ba. Wanda ya kamata ya karanta ƙa'idar da Turanci, ya zo ya bayyana ta da Hausa a gaban masu sito, ya nuna musu buhun da ke kashe ƙwari ba tare da magani ba, shi ne aka rasa. Kasuwa guda ta rufe shekara da shekaru.

Haka batun kalmomin ciniki. Akwai wasu haruffa uku-uku da Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Faris ta fara tsarawa a 1936. Idan takarda ta ce FOB, mai sayarwa zai kai kaya har cikin jirgin ruwa a tashar ƙasarsa, kuɗin jirgi na mai saye ne. Idan ta ce CIF, mai sayarwa ne zai biya kuɗin jirgi da inshora har tashar mai saye. Wanda ya yanka farashi irin na farko ya sa hannu a kan na biyu, ribarsa ta tafi a teku, wataƙila har da uwar kuɗi. Sai takardun gida: rajistar kamfani a hukumar CAC, rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, da shaidar lafiyar amfanin gona daga hukumar NAQS. Tun da aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a watan Janairun 2023, masu irin wannan sani sun ƙara daraja a Kano.

Kada ku ɗauka sai an tsallaka teku. Kamfanin tumatur na Ɗangote da ke Kadawa ya fara aiki a 2016, an gina shi ya sarrafa tan 1,200 a rana. A shekarar ƙwaron nan da manoma ke kira sharon ya cinye gonaki, kamfanin ya tsaya. Bayan nan ma ya sha tsayawa, domin idan farashi ya tashi a kasuwa manomi can zai kai kayansa, idan ya faɗi kowa ya nufo ƙofar kamfani. Ba ma ganin laifin manomin, iyali gare shi. Amma yarjejeniyar da ɓangarori biyu za su iya riƙewa a lokacin tsada da lokacin araha, sai an sami wanda ya san lissafin kamfani ya kuma san halin gona ya zauna ya tsara ta. Ɗan Kadawa da ya yi karatu ya fi baƙo daga Legas cancantar wannan kujera.

Wata gaskiya kuma: takardar digiri ba ta zuwa da abokan hulɗa. Tara lambobin waya ko dubban mabiya a Facebook ma ba shi ne hulɗa ba. Hulɗa ita ce mutumin da zai ɗaga wayarka karo na biyu saboda buhun da ka ce kilo ɗari ne, da ya auna ya tarar kilo ɗari ne. Shekarun farko la'adar ƙarama ce, wani lokaci ma a zagaye ka bayan ka haɗa mutane, su ci gaba da cinikinsu ba kai. Shi ya sa ake rubuta yarjejeniya tun kafin a haɗa su. Akwai kuma 'yan damfara masu turo saƙon cewa suna son kwantena goma, amma ka fara biyan kuɗin rajista. Mai saye na gaskiya samfuri yake nema tukuna.

'Yan mata, wannan da ku muke. Turara shinkafa a Kura galibi aikin iyayenmu mata ne, kuma da yawansu ba su taɓa ganin wanda ke sayen shinkafarsu a ƙarshe ba. 'Yar gida mai ilimi tana shiga inda dillali namiji ba ya shiga, ta haɗa su ƙungiya, ta yi magana da otal ko makarantar kwana da sunansu.

Ga aikin da za ku iya farawa a wannan zangon. Ku sami littafi, duk mako ku rubuta farashin buhun shanshara da na gyararriyar shinkafa a kasuwar Kura, ku tambayi wani ɗan'uwa farashinsu a cikin birni, ku cire kuɗin mota da na 'yan dako ku ga abin da ya rage. Ku gwada rubuta wasiƙar tallar kaya mai layi goma da Turanci, da nau'in kaya, yawa, farashi da ranar kaiwa, ku ba malaminku ya gyara. Idan makarantarku na koyar da Faransanci kada ku gudu daga ajin. Maraɗi kusa take, ga layin dogo ana shimfiɗawa daga Kano zuwa can ta Katsina. Idan lokacin baje-kolin da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA ke shiryawa a Kano ya zo, ku roƙi shugaban makaranta ya kai ku, kowa ya zaɓi rumfa uku ya tambayi masu ita daga ina suke samo kayansu, kuma wa ya haɗa su.

Wanda ya cika mako huɗu yana rubuta farashi ya aiko mana da shafin ta hannun malaminsa, za mu buga na ɗalibai uku. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba aikin awon ƙasa.