Waya ta Huɗu Ba Ado Ba Ce

A tsofaffin gidajen Amurka da dama, na'urar busar da tufafi tana jan wutar volt 240 ta soket mai rami uku: wayoyi biyu masu kawo wuta, ɗaya kuma nutural. Babu wayar ƙasa. Nutural ɗin ce aka ɗaure da ƙarfen jikin na'urar, aka ɗora mata aiki biyu. Masu gidajen kuwa hujjarsu ɗaya ce: shekara talatin ke nan babu abin da ya faru.

Wannan hujjar malalaci ce. Nutural ita ce hanyar komawar wutar injin da ke juya tufafin. Ranar da ta kwance ko ta tsinke, sai ƙarfen jikin ya ɗauki volt 120, yana jiran jiƙaƙƙen hannu. Bureka mai amfiya 30 ba za ta yanke wutar ba, domin abin da ke kashe mutum bai kai amfiya ɗaya ba.

Shi ya sa ƙa'idar lantarki ta Amurka ta 1996 ta wajabta waya huɗu a kowane sabon aiki. Tsofaffin gidaje rangwame aka yi musu, rangwame kuwa ba shaidar aminci ba ne.

Mafi ganganci shi ne wanda ya sa filogi mai ƙafa huɗu, amma ya bar mahaɗin nutural da jikin na'urar a ɗaure. Ya biya kuɗin kariya, ya bar haɗarin a inda yake. A raba mahaɗin, a ɗaure koriyar waya da ƙarfen, aikin kuma a bar wa ƙwararre.