Darasi Ta Waya: Ina Makomar Ɗalibin Gobir?

Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020, malamai da yawa suka koma aika darasi ta WhatsApp da Facebook. Haƙiƙa hanyar tana da amfani ga nazarin Hausa, domin karin sauti da tsawon wasali sun fi shiga kunne ta saƙon murya, gajeren rubutu kuwa yakan tilasta ɗalibi ya tace maganarsa.

Amma fa, ya malamaina, a tuna da ɗalibin Tozai da Isa da Sabon Birni. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter har wata bakwai. Ajin da ake iya rufewa dare ɗaya bai cancanci a dogara gare shi kaɗai ba.

Saboda haka, a riƙa aika darasi marar nauyi wanda za a iya adanawa, a kuma buga shi a takarda, kada a rataya maki ga halartar intanet. In ba haka ba, za a kayar da ɗalibi saboda garinsu, alhali ƙwazonsa bai gaza ba.