Jif Ba Gada Ba Ce: Abin da Ambaliya Ke Koya wa Direba da Ɗan Majalisa

A watan Oktoban 2023, lokacin da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan sayen manyan motocin jif ga 'yan Majalisar Tarayya, hujjar da Sanata Sunday Karimi ya kafa ita ce lalacewar hanyoyin Najeriya. Wato tunda hanya ta mutu, sai a sayi motar da za ta jure. Sai dai duk damina, ruwa na warware wannan lissafi.

Motar da ƙafafunta huɗu ke ja tana da amfani a taɓo da yashi, amma a ruwa tana da iyaka. Zurfin da Toyota ta ƙayyade wa Hilux shi ne kimanin santimita 70, kuma a ruwa mai kwanciya ake nufi. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka na gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 60 ya isa ya tafi da jif. Da zarar mota ta fara tasowa, tayoyi sun saki ƙasa, ƙarfin inji ya tashi a banza. In kuma ruwa ya shiga ta inda inji ke shaƙar iska, nan take zai buga, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska.

Shi ya sa gogaggen direba yakan sauka ya auna zurfi da sanda, ya tabbatar kwalbati bai zame ba. Inda mutum ba zai iya ratsawa da ƙafa ba, mota ma haƙuri za ta yi. In ya shiga, da ƙaramar giya yake tafiya, gilasai a sauke, ba gudu, ba tsayawa, ba canjin giya. In mota ta mutu a ciki, ba ya sake tayar da ita. In ya fita, yakan tattaka birki har ya bushe.

Amma ƙwarewa ba ta maye gurbin hanya. A Oktoban 2022 ruwa ya shafe titin Abuja zuwa Lokoja a Koton Karfe, matafiya suka kwana a hanya, man fetur ya yi wuya a Abuja. A Agustan 2024 ambaliya ta yanke titin Kano zuwa Maiduguri a ƙaramar hukumar Katagum. A irin waɗannan wurare, da mai jif da mai Golf duk a bakin ruwa suka yi cirko-cirko.

Bambancin kawai shi ne mai jif na iya juyawa ya hau jirgin sama. Mai ɗauke da mace mai naƙuda ko buhunan tumatir shi ne ke kasada da ransa. Don haka tambayar da ta dace matasa su yi wa wakilansu kafin damina ita ce: nawa aka ware wa gada da kwalbatin mazaɓarmu, nawa aka saki, kuma wa aka ba kwangilar?