Tauna Kafin Ka Haɗiye

 

Ya kai ɗalibi, ya ke ɗaliba, ina so mu yi magana a kan wani abu da ke faruwa a gidajenmu kusan kowace damina. Ana zaune a tsakar gida bayan sallar isha'i, sai yayanka ya kunna wani saƙon murya a wayarsa. Wani mutum ne da ba wanda ya san shi, yana rantsuwa cewa bana ruwa zai ɗauke da wuri, duk wanda ya shuka dawa ya yi asara. Ko kuwa yana cewa wata madatsar ruwa ta fashe, jama'a su kwashe kayansu. Baba ya saurara, ya yi shiru, sa'an nan ya juyo gare ka ya ce, "To, kai da ke zuwa makaranta, me ka ce?"

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, domin irin shuka da kuɗin taki da abincin shekara duk suna rataye a kan amsarta. Ni kuwa ra'ayina shi ne, ɗalibin da ya koyi nazarin littafin labari da kyau, shi ne zai iya ba Baba amsa mai amfani. Na san wasu iyaye za su ce, ina ruwan littafin labari da gona? Ku yi haƙuri ku biyo ni sannu a hankali.

Mu fara da littafi. A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan yunƙuri ne muka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da yawanku kun karanta Ruwan Bagaja, kun yi dariya har da hawaye. Amma kun taɓa lura da wanda yake ba da labarin? Alhaji Imam ne da bakinsa yake faɗa mana abin da ya gudana tsakaninsa da Malam Zurƙe. Duk abin da muka sani game da Zurƙe, daga bakin abokin karawarsa muka ji shi. Da Zurƙe ne aka ba dama ya ba da labarin, kuna jin haka za mu ji shi? To, ka ga tambaya ta farko ke nan da mai nazari yake yi: wa ke magana, kuma a ina yake tsaye?

Tambaya ta biyu ita ce, me ya gani da idonsa, me kuma aka gaya masa? Ta ukun kuwa, me ya bari bai faɗa ba? Ɗauki littattafan soyayya na Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ko Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu. An daɗe ana jayayya a kansu. Wasu sun ce suna ɓata tarbiyya, har ma a shekarar 2007 aka ƙone wasu littattafan soyayya a Kano. Wasu kuma sun ce su ne suka koya wa dubban mata karatun boko a cikin ɗakunansu. Mai nazari ba ya ɗaukar hukuncin wani kafin ya buɗe littafin. In ya karanta Wa Zai Auri Jahila?, zai tarar da labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar da ita ba da sonta ba. In ya bincika, zai ji cewa marubuciyar ita kanta an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure. Wannan ya nuna masa cewa ta san abin da take faɗa, ya kuma nuna masa inda zuciyarta ta karkata. Daga nan sai ya auna da kansa, ya ɗauki abin ɗauka, ya bar abin bari. Haka ake yi wa kowane littafi, wani za ka same shi da tsaba, wani kuwa dusa ce zalla.

To, waɗannan tambayoyi uku ba a cikin aji kaɗai suke aiki ba. A zamanin kakanninmu labari yakan zo ne daga bakin fatake ko ranar kasuwa. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1957 kuma Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye. Jarida da rediyo suna iya yin kuskure, amma dai suna da suna da adireshi, akwai edita da za a iya tuhuma. Yau kuwa labari yana shigowa ta WhatsApp da Facebook da TikTok, ba sunan mai magana, ba ranar da aka yi maganar. Sau da yawa hoton ambaliyar wata ƙasa ne, ko na shekarun baya, ake sake turowa a ce na jiya ne a garin kaza. Mai yin haka ya san cewa abin tsoro ya fi saurin yaɗuwa, kuma yawan masu kallo riba ce gare shi. Saboda haka in saƙo ya zo yana cewa "ku tura wa kowa maza-maza", a nan ne ya kamata ka ƙara natsuwa.

Yanzu mu zo kan maganar sauyin yanayi, wadda ita ce ta fi shafar tukunyarmu. A nan ma akwai masu wuce gona da iri ta ɓangarori biyu. Akwai mai cewa duk zancen ƙarya ce ta Turawa. Akwai kuma mai ɗora wa sauyin yanayi laifin komai, har da kwatar da ya cika da shara a ƙofar gidansa.

Ga abin da masana suka tabbatar. Hayaƙin da ake fitarwa ta hanyar ƙona gawayin ƙasa da man fetur da iskar gas yana taruwa a sama, yana riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Shekarar 2024 ta zarce duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye ma'auni. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi ba, amma manomanta suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Iska mai zafi ta fi ɗaukar danshi, shi ya sa in hadari ya haɗu sai ya zubar da ruwa mai yawa a lokaci guda. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Mu ma mun gani da idonmu. A daminar 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, maƙwabtanmu na Jigawa sun sha wuya ƙwarai, a nan Ajingi ma gidaje da yawa sun rushe.

Amma ka ga inda tambaya ta uku take aiki. Ka sha ji a rediyo ana cewa Tafkin Chadi ya ragu da kashi 90 cikin 100. Akwai gaskiya a ciki. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, sai farin shekarun 1970 da na 1980 ya mai da shi kamar kashi ɗaya cikin goma na haka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna cewa daga shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da ƙafewa ba, har ma ya ɗan farfaɗo. Wanda ya ji rabin labarin zai ɗauka cewa ruwa kullum raguwa yake yi, sai ya shirya wa fari kaɗai, ambaliya kuwa ta same shi bai shirya ba. Rabin gaskiya ma yana iya rushe katanga.

Haka kuma ba kowace masifa ce sabuwa ba. An yi yunwa mai tsanani a ƙasar Kano a 1913 zuwa 1914. An yi fari a 1973, aka sake yi a 1984, kuma akwai dattawa a Gaya da Kademi da Toranke da suka ga waɗannan biyun da idonsu. A watan Agusta na 1988 madatsar ruwa ta Bagauda ta fashe bayan ruwa mai yawa. Saboda haka in ruwa ya ci gida, mai nazari yakan tambaya: ruwan ne ya fi na da yawa, ko kuwa mu ne muka yi gini a kan hanyarsa, muka toshe magudana, muka sare itatuwan da ke riƙe ƙasa? Sau da yawa za ka tarar duka biyun ne suka haɗu. Na farkon ya fi ƙarfin unguwa ɗaya, amma na biyun da fartanya da shebur ake gyara shi.

Wani zai ce, ai ruwa na Allah ne, mene ne na aune-aune? Haƙiƙa na Allah ne, ba mai ja. Amma ba wanda ya taɓa barin indararonsa a karye don wannan dalili. Kun kuma san ƙissar Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yadda aka adana hatsin shekarun wadata saboda shekarun fari. Shiri ba ya kore tawakkali.

To, me za ka yi? Ga shawarata, kuma ba ta bukatar kuɗi.

Da farko, in labarin ruwa ya zo, nemi tushensa. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, watau NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana kuma bayyana shi a gidajen rediyo. Hasashe ne, yana iya saɓawa, amma an gina shi a kan ma'auni, kuma an san wanda ya yi shi. Ka gwada saƙon wayar da shi, ka tambayi malamin gona, kafin Baba ya canza irin da zai shuka.

Na biyu, ku auna ruwan garinku da kanku. Ku sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ku kafa shi a kan turke a fili, nesa da bishiya da rufin ɗaki. Kowace safiya bayan an yi ruwa ku sa rula ku auna zurfinsa, ku rubuta kwanan wata da adadin a littafi, da boko ko da ajami, sa'an nan ku zubar. Ku rubuta ranar ruwan shuka, da kwanakin da ruwa ya yi tsaiko, da ranar da ya ɗauke. In wannan aji ya gama ya miƙa wa na bayansa. Bayan shekara goma makarantarku za ta riƙe abin da ba wani mai saƙon murya da zai iya musa shi.

Na uku, ku zauna da kakanninku. Ku tambaye su a wane wata ake shuka gero a zamaninsu, ina fadamar da ta ƙafe, ina kuma wadda ta dawo, waɗanne itatuwa ne suka ɓace daga gonaki. Ku rubuta, amma su ma ku yi musu tambayoyin nan cikin ladabi: "Kaka, wannan kin gani ne, ko an ba ki labari?" Za ku ji ilmi mai yawa. Misali, manomanmu sun daɗe da sanin cewa gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma taki ne. A jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa sassabe maimakon su tumɓuke shi. Ta haka aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin hekta wajen miliyan 5 a kudancin ƙasar. Hausawa ne 'yan uwanmu, ƙasarsu ma ta fi tamu ƙarancin ruwa.

Ku kuma iyaye, don Allah in kun ga yaro da littafin labari, kada ku fizge kafin ku tambaye shi abin da ke ciki. Ku ce ya ba ku labarin, ku tambaye shi wa ya yi daidai, wa ya yi kuskure, da wace hujja. Yaron da ya saba amsa irin wannan tambaya ba zai zama abin wasan kowane mai waya ba.

Tarihin baka ya ce wani maƙeri mai suna Kano ya tashi daga Gaya ya je Dutsen Dala neman tama, daga sunansa kuma birnin ya sami suna. Maƙeri kuwa ba ya ƙera fartanya da dutsen tama yadda ya haƙo shi, sai ya sa shi a wuta ya raba ƙarfe da kashinsa. Kai ma haka za ka yi da abin da ka karanta da abin da ka ji. Ranar da Baba ya sake juyowa ya ce "me ka ce?", ka iya ce masa, "Baba, ba mu san mai maganar nan ba, bai kuma faɗi inda ya samo ba. Bari mu ji abin da hukuma ta ce, mu duba littafinmu na ruwa, sa'an nan mu yanke shawara."

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu da fari da ambaliya. Amin.